FASHIN BAƘI: Abin da ya kamata a yi idan bindiga mai sakata ta samu tangarɗa

A watan Oktoba na shekarar 2000, wasu iyali sun kammala yinin farauta a jihar Montana ta ƙasar Amurka. Matar gidan ta ɗauki bindigarta ƙirar Remington Model 700 domin ta cire harsashin da ke ciki kafin a ajiye ta. Ta juya bakin bindigar wajen wata tirelar ɗaukar dawakai, ta ture makullin kariya, sai bindigar ta tashi. Harsashin ya huda tirelar, ya sami ɗanta mai shekara tara wanda ya zagaya ta baya ba tare da ta sani ba. Yaron ya rasu. Mahaifiyar ta tsaya kan cewa yatsanta bai taɓa kunamar bindigar ba.

Mutuwar wannan yaro ta shiga jerin shari'o'in da suka ɗauki shekaru ana tafkawa tsakanin masu bindiga da kamfanin Remington. Ta kuma fito da abin da malaman koyar da farauta suka daɗe suna nanatawa: lokacin da ya fi haɗari a hannun mai bindiga shi ne 'yan daƙiƙun da yake ƙoƙarin cire harsashi ko gyara wata tangarɗa. A wannan lokaci hankalinsa yana kan ƙarfen da ke hannunsa, ya manta da inda bakin bindigar ya dosa.

Yadda bindigar take aiki

Ana kiran wannan nau'i bindiga mai sakata ne saboda ƙarfen da ake ɗana ta da shi ya yi kama da sakatar ƙofa. Mai harbi yana ɗaga mariƙin sakatar, ya ja ta baya, ya tura ta gaba ta kwaso harsashi daga gidan harsasai ta kai shi mazauninsa a gindin bututu, sannan ya sauke mariƙin ƙasa. Saukewar nan ita ke sa haƙoran sakatar su shige gurbinsu su kulle. A cikin sakatar akwai allurar bugu da sifirin mai ƙarfi a bayanta, wata 'yar ƙugiya kuma na riƙe da ita. Idan aka ja kunama, ƙugiyar ta saki allurar, ita kuma ta daki makunnin da ke gindin harsashi, albarushi ya kama.

Ƙirar da Bajamushen nan Paul Mauser ya fitar a 1898 ita ce uwa ga yawancin bindigogin farauta na wannan nau'i. Lee-Enfield ta sojojin Birtaniya, wadda manya a Najeriya suka sani a hannun 'yan sandan da, ita ma mai sakata ce. An san waɗannan bindigogi da ƙarko da sauƙin sarrafawa. Sai dai matsin iskar da ke tashi cikin bututu a lokacin harbi ba abin wasa ba ne. A harsashi mai lamba .308 Winchester, iyakar matsin da masana'antun Amurka suka amince da shi ya kai fam 62,000 a kan kowane inci murabba'i. Abin da ke tsakanin wannan matsi da fuskar mai harbi shi ne haƙoran sakatar nan da aka kulle.

Abin da shari'ar Remington ta fito da shi

Injiniyan kamfanin Remington mai suna Merle Walker, wanda aka fi sani da Mike Walker, shi ya ƙera kunamar da aka fara sa wa bindigogin kamfanin a 1948, aka kuma ci gaba da amfani da ita a Model 700 da ta fito a 1962. Maharba sun so ta saboda laushinta wajen ja. A cikinta akwai wani ɗan siririn ƙarfe da ke tsakanin kunama da ƙugiyar da ke riƙe allura. Ba a manne shi da jikin kunamar ba, sifirin ne kawai ke tokare shi a wurinsa.

Masu ƙara da ƙwararrun da suka gabatar a kotuna sun ce ƙura, tsatsa ko busasshen mai na iya hana wannan ɗan ƙarfe komawa gurbinsa. Idan haka ta faru, makullin kariya ne kaɗai ya rage yana riƙe da allurar, da zarar an ture shi kuwa bindiga ta tashi ba tare da an taɓa kunama ba. Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne, a bindigogin da aka ƙera kafin 1982 ba a iya buɗe sakata sai an ture makullin. Ma'ana, wanda ke son sauke harsashi dole ne ya fara maida bindigar yanayin harbi.

A Oktoban 2010, tashar talabijin ta CNBC ta watsa wani bincike da ya danganta wannan kunama da mutuwar aƙalla mutum 24 da munanan raunuka sama da 100. Takardun cikin gida na kamfanin da binciken ya bankaɗo sun nuna cewa tun a 1948 Walker da kansa ya ba da shawarar ƙara wani ƙarfe da zai riƙa toshe kunamar, aka ƙiyasta kuɗin gyaran a kan santi biyar da rabi a kowace bindiga, amma ba a yi ba.

Kamfanin Remington bai taɓa amincewa cewa ƙirar na da aibi ba. Matsayinsa shi ne, haɗurran sun faru ne saboda rashin kula da tsaftar bindiga, ko wani ya taɓa saitin kunamar, ko kuma mai bindigar ya ja ta bai sani ba. Duk da haka, a 2002 ya buɗe shirin cire ƙarfen da ke kulle sakata a tsofaffin bindigogi. A 2006 ya fito da sabuwar kunama mai suna X-Mark Pro, wadda ita ma a Afrilun 2014 ya nemi a dawo da bindigogin da aka sa wa ita tsakanin Mayun 2006 da Afrilun 2014, bayan ya gano cewa gam ɗin da ya yi yawa wajen haɗa ta na iya sa bindiga ta tashi da kanta. A Maris na 2017, alƙalin kotun tarayya Ortrie Smith da ke Kansas City ya amince da wani sulhu da ya shafi bindigogi kimanin miliyan bakwai da rabi, inda kamfanin ya yarda ya sauya kunamar mafi yawansu kyauta. A lokacin amincewar, masu bindiga kimanin 22,000 ne kacal suka nemi gyaran.

Akwai dalilin da ya sa sai ta hanyar kotu aka kai ga wannan mataki. Hukumar da ke kula da ingancin kayan masarufi a Amurka na da ikon tilasta janye keken yara ko tukunyar lantarki mai haɗari daga kasuwa, amma majalisar dokokin ƙasar ta hana ta taɓa bindigogi da harsasai. Nauyin gano bindiga mai matsala ya koma kan kamfanin da ya ƙera ta da kuma mutumin da ke riƙe da ita.

Ko wane ɓangare mutum ya gaskata a wannan taƙaddama, darasin bai sauya ba. Makullin kariya ƙarfe ne, ƙarfe kuwa yana cinyewa, yana tsatsa, yana maƙalewa. Kariyar da ba ta lalacewa ita ce inda aka juya bakin bindiga.

Matakin farko a kowace irin matsala

Kafin a san ko mece ce matsalar, abu biyu ake fara yi: a janye yatsa daga kunama, a bar bakin bindigar yana kallon wurin da ko ta tashi ba za ta cutar da kowa ba. Wannan wuri shi ne tudun ƙasa ko tarin yashi mai kauri da zai haɗiye harsashi. Bangon ɗaki, jikin mota, ƙofa ko shinge ba kariya ba ne, domin harsashin babbar bindiga yana ratsa su, kamar yadda ya ratsa tirelar Montana. Dutse da saman ruwa suna sa harsashi ya yi tsalle ya sauya hanya. Sama ma ba mafita ba ce, tunda harsashin irin wannan bindiga na iya tafiyar fiye da kilomita uku kafin ya faɗo.

Abu na gaba shi ne a sanar da mutanen da ke kusa cewa bindiga ta samu matsala, su koma bayan mai riƙe da ita. Ɗabi'ar mutane ce su taru su leƙa, shi kuma mai bindiga ya juyo da ita domin ya nuna wa abokinsa abin da ya faru. A wannan juyowar ce ake yawan samun asarar rai.

An ja kunama, bindiga ba ta tashi ba

Idan aka ji ƙas babu ƙara, abu biyu ne ke iya faruwa, kuma ba a iya bambanta su nan take. Ko dai harsashin ya mutu gaba ɗaya, ko kuma makunnin ya kama a hankali, wutar na cin hanyarta zuwa albarushi. Na biyun shi ake kira jinkirin tashi. Yakan faru da tsofaffin harsasai ko waɗanda laima ko mai ya shiga. Mafarautan da ke amfani da bindigar gargajiya ta ɗure sun san shi sarai, domin albarushin da ya sha raɓa yakan yi shiru na ɗan lokaci kafin ya tashi.

Ƙa'idar da ake koyarwa a darussan farauta a Amurka ita ce a ci gaba da riƙe bindigar a kafaɗa, bakinta na kallon inda aka nufa, a jira aƙalla daƙiƙa 30. Wasu malaman sun fi son a cika minti guda. Dalilin jiran a fili yake. Idan aka ɗaga mariƙi haƙoran sakata suka fita daga gurbinsu, sannan harsashin ya tashi, babu abin da zai tare matsin. Sakatar za ta dawo baya da ƙarfi, ɓarɓashin tagulla da iska mai zafi su nufi fuska da hannu.

Bayan an jira, a kawar da fuska gefe, a tabbata tafin hannu ba ya bayan sakatar, a buɗe ta a cire harsashin. Gindinsa zai ba da labari. Idan allura ta yi masa rami mai zurfi, laifin harsashin ne, sai a ware shi, kada a sake gwada shi, kada kuma a jefa shi cikin wuta ko shara. Idan ramin ɗan kaɗan ne, matsalar na jikin bindigar: ko sifirin ya yi rauni, ko datti da daskararren mai sun rage wa allura gudu, ko ba a sauke mariƙi har ƙasa ba. Idan babu alamar bugu ko kaɗan, mai yiwuwa allurar ta karye.

Ƙara ta yi rauni

Wannan matsala ta fi ta farko yaudara, domin bindigar ta tashi. Sai dai ƙarar ba ta kai yadda aka saba ba, dukan da take yi wa kafaɗa ma ya yi sauƙi. Alama ce ta cewa albarushin bai isa ba ko bai kama duka ba, kuma kan harsashin na iya tsayawa a tsakiyar bututu. Wanda ya ɗana wani ya harba a kansa, ya tura matsi cikin bututun da ke toshe. Sakamakon shi ne bututu ya kumbura ko ya tsage, hannun da ke riƙe da gaban bindigar kuwa yana daidai wurin.

Duk lokacin da harbi ya zo da baƙuwar ƙara, a dakata. A sauke dukkan harsasai, a zare sakatar gaba ɗaya daga jikin bindigar, abin da ƙirar wannan nau'i ta sauƙaƙa, sannan a leƙa bututun ta baya ana fuskantar haske. Idan ba a ga haske zagayayye tsaf ba, akwai abin da ya toshe. Ba a leƙa bututu ta baki, ba a kuma fitar da abin da ya toshe shi ta hanyar harba wani harsashi.

Irin wannan dubawa ta wajaba idan bindiga ta faɗi bakinta ya caki laka ko yashi, da kuma bayan doguwar ajiya. Zanzaro na gina ɗakinsa a cikin bututu, tsumman goge-goge ma yakan maƙale a manta da shi.

Sakata ta ƙi rufuwa

Idan sakata ta ƙi shiga ko mariƙi ya ƙi sauka, bindigar na sanar da mai ita cewa akwai abin da ba daidai ba. Dukan mariƙin da tafin hannu ko da itace yana iya tura matsalar zuwa inda ba a iya dawo da ita. A ja sakatar baya, a cire gidan harsasai ko a buɗe murfinsa na ƙasa harsasan su zubo, sannan a duba mazaunin.

Sau da yawa akan tarar harsashi biyu ne suka yi karo. Hakan na faruwa idan mai harbi ya tura sakata gaba bai kulle ba, ya sake janyo ta, ta bar harsashin farko a mazauni ta kwaso na biyu. Tsinin na biyun yana fuskantar makunnin na farko kai tsaye, turawa da ƙarfi kuwa na iya tayar da shi alhali sakata na buɗe. Ƙirar Mauser ta rage wannan haɗari ta hanyar kama gindin harsashi tun daga lokacin da ya baro gidansa, amma bindigogi da yawa na zamani ba haka suke ba.

Wani dalilin shi ne harsashin da ba na bindigar ba. Kowace bindiga an buga lambar harsashinta a jikin bututu, kowane harsashi kuma an buga tasa a gindinsa, kuma wajibi ne lambobin biyu su zama iri ɗaya. Shigar harsashi mazauni ba hujja ba ce ta cewa nata ne. Harsashin .308 Winchester na iya shiga bindigar da aka ƙera domin .270 Winchester, alhali kaurin kansa ya kai milimita 7.8, bututun kuwa an yi shi ne domin mai milimita 7.0.

Sakata ta ƙi buɗuwa

Idan bayan harbi mariƙi ya yi tauri sai da ƙyar ya ɗagu, yawanci alama ce ta matsi ya wuce kima, kwanson tagullar ya kumbura ya kama bangon mazauni. Makunni da ya baje ko ya huje, da kwanson da ya tsage, duk shaida ce ta haka. A daina amfani da wannan rukunin harsasai, a kai bindigar a duba ta.

Mafi haɗari shi ne harsashi mai rai ya maƙale a mazauni. Nan ne mutane ke zura sandar goge bututu ta baki suna bugawa. Mai yin haka ya sa hannunsa, wani lokaci har da fuskarsa, a gaban bindiga mai harsashi, yana kuma danne albarushin da ke ciki. Idan sakata na fita, a zare ta a ajiye ta daban, domin bindigar da babu allura a jikinta ba ta da abin da zai daki makunni. Idan ta ƙi motsi, a sa makullin kariya in yana shiga, a ajiye bindigar bakinta na kallon tudun ƙasa, kada a bar kowa ya gitta ta gabanta, a nemo ƙwararren mai gyaran bindiga. Kafin ya taɓa ta, a gaya masa a fili cewa akwai harsashi mai rai a ciki.

Bindigar da ta tashi da kanta

Bindigar da ta taɓa tashi lokacin ture makulli, ko lokacin rufe sakata ko buɗe ta, ta gama aiki har sai ƙwararre ya duba ta. Takardun kotu a shari'o'in Remington sun nuna cewa irin wannan matsala ba kullum take maimaituwa ba. Bindiga na iya yin shekaru lafiya tsakanin tashin farko da na biyu, abin da ke sa mai ita ya ɗauka kuskurensa ne ya ci gaba da amfani da ita.

Akwai gwajin da masu gyara ke yi da bindigar da aka tabbatar da ido da yatsa cewa babu komai a cikinta, babu kuma harsashi a kusa. Ana ɗana ta, a sa makulli, a ja kunama, a saki, sannan a ture makullin. Idan aka ji allura ta faɗa, bindigar ba ta da aminci. Faɗuwa a gwajin hujja ce ta matsala, amma cin gwajin ba tabbacin lafiya ba ne. Shi ya sa bindigogi irin su Mauser 98 da Winchester Model 70 ke da makulli mai matsayi uku, inda na tsakiya ke ba da damar buɗe sakata a sauke harsashi alhali bindigar na kulle.

Juya 'yan kusoshin saitin kunama domin ta yi laushi, ko goge ƙugiyar da zarto, aiki ne da ya jefa mutane da dama cikin nadama, domin wurin da ƙarafan biyu ke kama juna bai kai kaurin farce ba. Tuttula mai a cikin kunama ma illa ne. Man yana kama ƙura, ya bushe ya zama danƙo, a lokacin sanyi kuma ya daskare.

A Najeriya, dokar makamai ta 1959 ta haramta mallakar bindiga ba tare da lasisi ba, ta sanya bindigogin soja masu lamba .303 da milimita 7.62 cikin rukunin da aka hana farar hula, ta kuma taƙaita ƙira da gyaran bindiga ga wuraren da hukuma ta amince da su. Jami'in da bindigar aiki ta ba shi matsala, wurin mai kula da ma'ajiyar makamai zai maida ita tare da bayanin abin da ya faru, domin kada a miƙa wa wani ita washegari.

Akan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Amma mahaifin yaron Montana bai tsaya a nan ba. Ya shafe shekaru yana tattara takardun kamfanin yana neman kotu ta buɗe waɗanda aka rufe, aikin da ya taimaka wajen kai wa ga sulhun 2017. Kamfanin Remington ya shiga fatara a 2018, ya sake shiga a 2020, aka sayar da sassansa ga wasu kamfanoni. Miliyoyin bindigogin da ke ɗauke da tsohuwar kunamar kuwa suna nan a hannun jama'a, ana gadonsu, ana sayar da su hannu da hannu ga mutanen da ba su taɓa jin labarin shari'ar ba.